Fitilar gargaɗin injin mota: ma'anar lambobin matsala da hanyar gyara

A ranar 10 ga Satumba, 2024, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye unguwanni da dama a Maiduguri, ciki har da Gwange da Bulabulin, motoci masu yawa kuma suka nutse. Motar da ta sha ruwa irin wannan takan tashi bayan ta bushe, amma daga baya tsatsa ta ci mahaɗan wayoyinta, sai fitila mai siffar inji ta kunnu a gaban direba. Fitilar tana nufin ƙwaƙwalwar motar ta gano matsala, ta kuma adana ta a matsayin lamba.

Tsarin da ke yin wannan aiki shi ake kira OBD-II. Amurka ta wajabta shi ga motocin ƙirar 1996 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma ta wajabta makamancinsa ga motocin fetur a 2001. Saboda haka galibin motocin Kwatano da ke shigowa Najeriya suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda bakanike ke jona na'urar sikana.

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U kuma sadarwa tsakanin ƙwaƙwalen motar. Idan sifili ne ya biyo bayan harafin, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, sai an duba littafin kamfanin da ya ƙera ta.

P0300 na nuna inji yana tsallake wuta, P0301 kuma na nuna a silinda ta ɗaya ne. Filogi, kwil ko gurɓataccen fetur kan jawo haka. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, sau da yawa saboda tiyo da ya tsage ko famfon mai da ya yi rauni. P0101 ta shafi na'urar auna iskar da ke shiga inji, wadda ƙurar hunturu ke dishewa. P0128 takan fito idan an cire tamostat, al'adar da ta yaɗu don gudun zafin bazara. P0420 ta shafi matatar hayaƙin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. A motar da ta shiga ruwa, lambobin U sukan fito da yawa lokaci guda, kuma mahaɗi ɗaya mai tsatsa na iya haddasa su duka.

Lambar tana nuna inda za a fara bincike ne, ba ta yanke hukunci cewa wani ƙarfe ya mutu ba. Bakanike mai lura yakan rubuta lambobin, ya auna batir, ya duba fiyus, wayoyi da tiyo, sannan ya gwada abin da ake zargi kafin a sayi sabo. Goge lamba ba tare da gyara ba ɓata kuɗi ne, domin fitilar za ta dawo.

Idan fitilar tana kunne cak, ana iya lallaɓa motar zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, a tsaya, domin man da bai ƙone ba na iya lalata matatar hayaƙi.

Mai sayen motar hannu kuwa ya tabbatar fitilar ta kunnu idan an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Ya kuma nemi a jona sikana a gabansa, domin takan nuna idan ba a daɗe da goge lambobi ba.