Me Ya Sa Tarwaɗarka Ba Ta da Likita?

Idan kana kiwon tarwaɗa a Makarfi, Ikara ko Kudan, ka san abin: saniya ta kwanta, a kira likita, kifi ya fara mutuwa, sai mai sayar da abinci ya miƙo maka magani.

Laifin tarihi ne. Turawan mulki sun fara aikin likitan dabbobi a Zariya domin shanu, saboda bushiya tana cinye garke, jangali yana raguwa. A 1924 aka koma Vom. Gonar kifi ta Panyam kuwa sai shekarun 1950, ƙarƙashin wani sashen daban.

To, kafin ka zuba magani, duba ruwan. Sau da yawa datti da ƙarancin iska ne ke kashe kifin, ba cuta ba.