Joseph Wolff da Neman Ƙabilu Goma a Hanyar Bukhara

A shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rundunar Assuriya ta ci birnin Samariya bayan ƙawanya ta shekara uku. Samariya ce fadar masarautar arewa, wadda ƙabilu goma daga cikin goma sha biyu na zuriyar Annabi Yakubu (AS) suka kafa sa'ad da mulkin Banu Isra'ila ya rabu gida biyu bayan rasuwar Annabi Sulaimanu (AS). Sarki Sargon na Biyu ya sa an rubuta cewa ya kwashe mutum 27,290 daga ƙasar. Littafin Sarakuna na Biyu kuma ya ambaci inda aka zaunar da su: Hala, da bakin kogin Habor, da biranen Mediyawa. Daga nan alƙalamin tarihi ya daina bin sawunsu.

Abin da yawancin masana suka tafi a kai ba ya da wani armashi. Waɗanda aka kwashe sun narke cikin al'ummomin da aka kai su, wasu sun gudu kudu zuwa Ƙudus, da yawa kuma ba su bar gonakinsu ba. Har yau akwai Samariyawa a kan dutsen Gerizim, kusa da Nablus, masu danganta kansu da ƙabilun Ifraimu da Manassa. Amma zukatan masu imani ba su gamsu da wannan ba, domin annabawan Banu Isra'ila sun yi alkawarin za a sake tattara warwatsattu, kuma wanda za a tattara dole ne yana nan a wani wuri. Sai hikaya ta cike gurbin. Aka ce suna can bayan wani kogi mai suna Sambatiyon, wanda ke ambaliyar duwatsu kwana shida, ya huta ranar Asabar, ranar da addininsu ya hana su tafiya. Duk lokacin da matafiya suka faɗaɗa taswirar duniya, sai kogin ya ƙara matsawa gaba.

Mutane da dama sun bi wannan ƙishirwa, tun daga Eldad Badane, wanda ya bayyana a Ƙairawan a ƙarni na tara yana cewa daga cikin ƙabilun ya fito. Sai dai da wuya a sami wanda ya sha wuya a kanta kamar Joseph Wolff.

An haife shi a 1795 a ƙauyen Weilersbach na ƙasar Bavariya, a Jamus ta yau, mahaifinsa malamin Yahudawa ne. Tun yana yaro ya bar gida, aka yi masa baftisma a cocin Katolika a birnin Prag a 1812, ya tafi karatu Roma, aka kore shi a 1818 saboda gardamar da yake yi da malamansa a kan aƙida. Ya sauka Ingila, ya shiga ɗariƙar Angalika, ya karanci harsunan gabas a Kambirij. Wannan tarihin ƙuruciya yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Wolff mutum ne da ya rabu da danginsa saboda addini, ya kuma shafe rayuwarsa yana neman wasu dangin da zai kai wa addinin da ya raba shi da na farkon. Ga shi kuma yana gaggawa, domin ya lissafa daga littafin Daniyel cewa Almasihu zai dawo a 1847. A ganinsa, gano ƙabilu goma da yi musu wa'azi wani yanki ne na share fagen wannan dawowa.

A 1831 ya ratsa Anatoliya ya shiga Farisa, ya fuskanci Kurasan. A can 'yan farautar bayi suka kama shi, suka ɗaure shi a wutsiyar doki, suka ja shi cikin sanyin hunturu, kuma sunan Yarima Abbas Mirza na Farisa ne ya fitar da shi. Ya zauna da Yahudawan Mashhad, ya ƙetare hamadar Turkumawa, ya shiga Bukhara a 1832.

A nan ne ya kamata mai nazari ya dakata, domin Bukhara ce wurin da Turawan zamaninsa suka fi kyautata zaton samun ɓatattun. Wolff ya sami Yahudawa, babu shakka. Unguwarsu daban, sana'ar da suka fi shahara da ita rinin siliki, harshensu wani reshe ne na Farisanci. Dokar gari ta hana su hawan doki a cikin birni, ta kuma wajabta musu ɗaura igiya a ƙugu maimakon ɗamara. To amma waɗannan mutane ba su ɓace wa kowa ba. Suna da Attaura, suna da Talmud, littafin da aka kammala fiye da shekara dubu bayan faɗuwar Samariya, wanda ba yadda za a yi ya kasance a hannun al'ummar da ta yanke da sauran Yahudawa tun zamanin Assuriya. Shekara kusan arba'in kafin zuwan Wolff, a 1793, wani malami mai suna Yusuf Maman, haifaffen ƙasar Maroko, ya iso Bukhara ya zauna, ya sauya musu tsarin addu'o'insu zuwa na Yahudawan Andalus. Mutumin Maroko ya san hanyar gidansu, fatake sun san ta. Wanda bai san ta ba shi ne mai karatu a Landan. Kalmar "ɓata" a nan tana bayyana iyakar sanin mai nema ne, alhali wanda ake nema yana zaune a gidansa yana rina siliki.

Daga Bukhara ya bi ta Balkh ya hau tsaunukan Hindu Kush. Kamar yadda ya ba da labari da kansa, a wani wuri da ake kira Doab mutane suka tsare shi saboda ana ce masa Alhaji alhali ba Musulmi ba ne, suka yi barazanar ƙona shi, bai kuɓuta ba sai da ya bar musu duk abin da ya mallaka har suturar jikinsa. Haka ya gangaro Kabul a tsiraice. Dole a yi hattara da labaran Wolff, domin mutum ne mai son a ji shi, kuma gishirinsa ba kaɗan ba ne. Amma isowarsa Kabul cikin mummunan hali tana da shaida, domin jami'in Birtaniya Alexander Burnes, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa Bukhara, ya gamu da shi a can a wannan shekara.

Afganistan ce ta ba shi jarrabawa mafi wuya, domin a nan ya tarar da mutanen da su da kansu ke cewa su Banu Isra'ila ne. Wani littafin tarihi na Farisanci, Makhzan-i Afghani, wanda Ni'imatullahi al-Harawi ya rubuta a zamanin Sarki Jahangir na daular Mogul, ya ja nasabar Pashtunawa zuwa ga Afghana, jikan Sarki Ɗalutu, sannan zuwa ga Ƙais Abdurrashid, wanda aka ce ya musulunta a zamanin Manzon Allah (SAW). Ga mai neman ƙabilu goma, wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Abin yabo ga Wolff shi ne bai rungumi labarin ido rufe ba. Ya san Ibrananci tun a gaban mahaifinsa, ya saurari harshen Pashto, bai ji dangantaka ba, ya kuma rubuta shakkarsa. Ilimin harsuna ya tabbatar daga baya cewa Pashto ɗan gidan harsunan Iran ne. Ni a ganina, nan ne Wolff ya fi kusantar zama masanin tarihi: an miƙa masa abin da ya ƙetare hamada yana nema, ya juya shi a hannu, ya ga bai cika ba, ya ajiye.

Nasabar kuwa tana da nata aikin, ko da ba ta tabbata ba. An rubuta ta ne a lokacin da manyan Afganawa ke zaune a ƙarƙashin Mogul, waɗanda suka karɓe mulkin Delhi daga hannun gidan Lodi na Afganawa a 1526. Mutanen da aka raba da sarauta suna bukatar asalin da zai ɗaga kansu a fada, kuma jinin sarkin da Alƙur'ani ya ambata ya isa ya yi wannan.

Sauran tafiyar ta fi sauƙi. Ya bi ta Peshawar zuwa ƙasar Ranjit Singh, sarkin Sikhawa, ya zama baƙon Gwamna Janar William Bentinck a Simla, ya gangara kudu zuwa Kochin a 1833, inda Yahudawa ke da ɗakin ibada tun 1568 da allunan tagulla da wani sarkin Kerala ya ba shugabansu Yusuf Rabban wajen shekara ta 1000. Su ma sanannu ne, suna da alaƙar ciniki da wasiƙu da Amsterdam. A 1835 ya buga labarin tafiyar. Ƙabilu goma ba sa ciki.

Abin da littattafansa suka adana wani abu ne daban, kuma ya fi abin da ya fita nema amfani. A 1843 ya sake kama hanyar Bukhara, wannan karon don binciken makomar hafsoshin Birtaniya biyu, Charles Stoddart da Arthur Conolly, waɗanda Sarki Nasrullahi ya tsare. Hanya ta sake biyo da shi ta Mashhad. Al'ummar da ta sauke shi shekara goma sha biyu da suka wuce ta canza kama, domin a 1839 an auka wa unguwar Yahudawan garin, an kashe mutane, an tilasta wa sauran barin addininsu, aka riƙa kiransu "sababbin Musulmi", su kuma suka ci gaba da ibadarsu a ɓoye. Wolff ya gan su kafin abin ya faru, ya gan su bayansa, shi ya sa masu nazarin tarihin Yahudawan Iran ke komawa ga shaidarsa har yau. Mutumin da ya fito neman waɗanda suka ɓace shekara dubu biyu da ɗari biyar da suka shuɗe, sai ga shi ya zama mai shaidar yadda al'umma ke ɓacewa daga idon jama'a a cikin shekaru kaɗan, a gari mai suna, a gaban maƙwabta.

Ya shiga Bukhara a watan Afrilu na 1844 sanye da rigar limaman coci, Littafi Mai Tsarki buɗe a hannunsa, jama'a sun yi dafifi suna kallo. Ya tarar an fille kan hafsoshin tun 1842. Shi ma an tsare shi watanni yana jiran irin wannan hukunci, har sai da sa bakin Sarkin Farisa ya sa aka sallame shi.

Shekara ta 1847 ta zo ta wuce kamar sauran shekaru. Lokacin Wolff yana limancin wani ƙaramin coci a ƙauyen Isle Brewers da ke Somerset. Neman kuwa bai tsaya da shi ba. A 1975 wani malamin Yahudawa, Eliyahu Avichail, ya kafa ƙungiyar Amishav don wannan manufa, bincikensa ya kai shi Manipur da Mizoram a arewa maso gabashin Indiya, wurin mutanen da 'yan mishan suka fara koya wa Tsohon Alkawari, daga baya wasunsu suka ce su zuriyar Manassa ne. A 2005 babban malamin Yahudawan Sefardi na Isra'ila, Shlomo Amar, ya amince da su, dubbai daga cikinsu kuma sun ƙaura can. Wolff bai kai waɗannan tsaunuka ba. Ya rasu a ƙauyensa ranar 2 ga Mayu, 1862, yana cikin shirin wata sabuwar tafiya.