Nguyen Thi Binh da Rigimar Teburin Paris

A ranar 27 ga Janairun 1973, ministocin harkokin waje huɗu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Vietnam a birnin Paris. Mace ɗaya ce a cikinsu, Nguyen Thi Binh, wadda ta wakilci Gwamnatin Wucin Gadi ta 'yan juyin juya halin Kudancin Vietnam. Ni a ganina, tarihinta yana amsa wata tambaya mai nauyi: wane ne yake da ikon yin magana da sunan al'ummar da yaƙi ya raba?

An haife ta a shekarar 1927, jika ce ga Phan Chau Trinh, ɗan kishin ƙasar da ya yi fafutukar kawo sauyi a zamanin mulkin mallakar Faransa. Ta gaji wannan aƙida, har Faransawa suka tsare ta a kurkukun Chi Hoa da ke Saigon daga 1951 zuwa 1953.

Da ta isa Paris a ƙarshen 1968, gwamnatin Saigon ta ƙi amincewa a zauna da ita a matsayin ɓangare mai cin gashin kansa. An shafe makonni ana gardama a kan siffar teburin taro, domin tebur mai kusurwa huɗu yana nufin ɓangarori huɗu masu daraja ɗaya. Daga bisani aka daidaita a kan tebur mai zagaye, aka fara zama a Janairun 1969. A watan Yunin shekarar aka naɗa ta ministar harkokin waje, kuma a Yulin 1971 ta gabatar da shawarwari bakwai waɗanda suka ɗaure sakin fursunonin yaƙi da sanya ranar janyewar sojojin Amurka.

Masu sukarta suna cewa ainihin cinikin a asirce aka yi shi tsakanin Henry Kissinger da Le Duc Tho, ita kuwa bakin Hanoi ce kawai. Akwai gaskiya a wannan magana, ganin cewa gwamnatin da ta wakilta ta narke bayan haɗewar ƙasar a 1976. Sai dai ina ganin an raina aikinta. Da Faransancinta mai kyau ta riƙa yi wa 'yan jarida bayani, ta kai ƙorafin mutanenta ga Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu, wadda ta karɓi gwamnatinta a matsayin mamba. Hakan ya tilasta wa Amurka sa hannu tare da waɗanda ta daɗe tana cewa ba su da halascin wakiltar kowa.

Bayan yaƙi ta riƙe ma'aikatar ilimi daga 1976 zuwa 1987, sannan ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa daga 1992 zuwa 2002. Duk da waɗannan muƙamai, sa hannun da ta yi a Paris ne duniya ta fi tunawa da ita da shi.