Zanen bugun hannu: Yadda takarda da tawada ke tallafa wa namun dajin da ke shirin ƙarewa

Zanen bugun hannu wani nau'in fasaha ne da mai zane ke shirya hoto a kan allo, ya shafa masa tawada, sannan ya riƙa danna takarda ɗaya bayan ɗaya har ya cika adadin kwafin da ya ƙayyade tun farko. An daɗe ana sayar da kwafin zane masu ƙayyadadden adadi a Turai da Amurka domin tara kuɗi da jawo hankalin jama'a ga namun dajin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Yadda ake bugawa

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Akwai sassaƙa hoton a jikin katako ko faifan roba, inda wurin da ba a sassaƙe ba ke ɗaukar tawada. Akwai ƙwarzana shi a farantin jan ƙarfe, tawadar ta zauna cikin layukan da aka ƙwarzana. Ta uku ita ce bugun raga: ana ɗaure lallausar raga a firam, a toshe wuraren da ba a so launi ya ratsa, a ja tawada a kai. Dabara ɗaya ce da wadda masu buga rubutu a jikin riguna ke amfani da ita a kasuwanninmu. Kowane launi da nasa bugun.

Idan an gama, mai zanen kan sa hannu a kowane kwafi, ya rubuta lamba. Lamba 12/150 na nufin kwafi na 12 cikin 150. Wannan ƙayyadewa ita ce ke ba kwafin daraja, domin kowane ɗan kasuwa ya san abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Asalin zane mutum ɗaya kaɗai ke iya mallaka, amma kwafi kan bai wa mutane da dama damar saye a farashi mai sauƙi, kuɗin kuma su taru su yi auki.

Misalai biyu

David Shepherd, mai zane ɗan Birtaniya, ya shiga fafutukar kare namun daji bayan ya ga gawawwakin jakunan dawa fiye da 200 a bakin wani tafki da aka zuba wa guba a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. A 1973 aka sayar da kwafin wani zanensa na damisar Indiya mai ratsi, waɗanda ya sa wa hannu, aka tara kusan fam 127,000 ga shirin ceto damisar da gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar a shekarar. Ƙidayar 1972 ta nuna damisa 1,827 ne suka rage a Indiya. Ta 2022 ta nuna sun haura 3,000. Shepherd ya kafa gidauniyarsa ta kare namun daji a 1984, ya kuma rasu a 2017.

A Amurka kuwa, Andy Warhol ya fitar da jerin hotuna 10 na bugun raga a 1983, kowanne kwafi 150 masu lamba. Cikin dabbobin akwai giwar Afirka, baƙar karkanda, jakin dawa na Kenya da Habasha, fandar Sin, gaggafar Amurka, har da kwaɗo da malam-buɗe-littafi. Ya yi musu ado da launuka masu ƙyalli kamar yadda ya saba yi wa taurarin fim, abin da ya kai batun ga mutanen da ba su taɓa shiga daji ba.

Makomar waɗannan dabbobi ta bambanta. Amurka ta cire gaggafarta daga jerin masu fuskantar barazana a 2007, an kuma sassauta matsayin fanda a 2016. Amma wani jinsin baƙar karkanda, wanda mafakarsa ta ƙarshe ita ce arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Zane kan samar da kuɗi da wayar da kai. Dokoki da masu gadin daji ne ke tsare ran dabbar.

Abin lura ga mai saye

Kuɗin da ke isa ga aikin karewa yawanci na cinikin farko ne, kuma sai idan mai zanen ko mai sayarwa ya ware wani kaso. Idan kwafin ya koma hannun dillalai aka yi gwanjonsa, ribar ta mai kaya ce, komai yawanta. Don haka ya kamata mai saye ya tambayi kashi nawa ake bayarwa, wace ƙungiya ke karɓa, kuma wane aiki take yi a daji. Ya kuma duba lamba da sa hannu, domin hoton da inji ya buga dubbai ba ya da darajar wanda aka ƙayyade adadinsa.