Kishin Matan Sarkin Sin: Abin da Fim Ya Nuna da Abin da Tarihi Ya Rubuta

Yawancinmu mun san finafinan nan na ƙasar Sin masu dogon zango, inda matan sarki ke ta zuba wa juna guba, suna ƙulle-ƙullen makirci. Iyalanmu na kallonsu a talabijin da waya, mu ma in an tashi kasuwa mukan ɗan leƙa. Wanda ya fi yin suna shi ne Labarin Fadar Yanshi, mai kashi 70, wanda ya fito a 2018. A waccan shekara babu wani shirin talabijin a duniya da aka fi neman bayaninsa a Google kamarsa. To, tunda mutanen cikinsa sun rayu da gaske, ya kamata mu san me ya faru, kada mu ɗauki darasin da ba shi ne ba.

Labarin ya faru ne a birnin Bejin, zamanin Sarki Ciyanlun na daular Cin, wanda ya hau gado a 1735 ya sauka a 1796. Gidan sarautar ba 'yan ƙabilar Han ba ne masu rinjaye, Mancu ne daga arewa maso gabas. Duk bayan shekara uku akan tara 'yan matan gidajen rundunonin sarki a zaɓi na zaɓe. Kuyangi kuwa duk shekara ake ɗibarsu daga gidajen barorin fada, in yarinya ta kai shekara 25 sarki bai ɗauke ta ba, sai a sallame ta ta je ta yi aure.

Mu 'yan kasuwa ne, saboda haka bari mu duba lissafi, don nan maganar take. Matan fada hawa takwas ne. Uwargida ɗaya, mai bi mata ɗaya, sai biyu, sai huɗu, sai shida, sannan hawa uku na ƙasa waɗanda ba su da iyaka. Uwargida na karɓar azurfa awo 1,000 a shekara, kowane awo kusan giram 37, da kuyangi goma. Mai bi mata 800. Ta can ƙasa kuwa awo 30 ne da kuyangi biyu. Hatta nama da gawayi da kyandir da yadin siliki, kowace gwargwadon hawanta ake auna mata. Kujerun sama 14 ne kacal, ga mata da yawa, kuma sarki kaɗai ke ɗagawa ya sauke. Jama'a, ko mata masu haƙuri irin na damo aka zuba a wannan tsari, ai sai an sami tashin hankali.

Abin da ya fi kuɗin ma shi ne gado. Kakan Ciyanlun, Sarki Kanshi, ya sha fama da 'ya'yansa a kan wa zai gaje shi, har 'yan'uwa suka ɗaure juna. Don haka a 1723 ɗansa Sarki Yunjan ya fito da dabara: ya rubuta sunan magaji a asirce, a sa a akwati, a ɓoye bayan wani allo da ke saman karagar mulki, ba za a buɗe ba sai ya mutu. Wannan ya rage faɗan fili, amma kowace mai ɗa namiji sai ta zauna cikin zullumi, ba ta sani ba ko ita ce uwar sarkin gobe, ko kuwa tsohuwar da za a manta da ita a wani lungun fada.

Yanzu ga mata ukun da fim ɗin ya ginu a kansu.

Ta farko uwargida Fuca, wadda sarki ya fi so. Ta haifi maza biyu. Na fari, wanda aka riga aka sa sunansa a akwatin nan, ya rasu a 1738 yana yaro. Na biyun ciwon agana ya ɗauke shi bai cika shekara biyu ba. Bayan 'yan watanni, a 1748, ita ma ta cika a cikin jirgin ruwa, suna dawowa daga rangadi a lardin Shandon. Fim ya ɗora wa kishiyoyi laifi, amma takardun fada rashin lafiya suka rubuta. A wancan zamani agana ba ta san ɗan sarki ba. Cikin 'ya'ya maza 17 da Ciyanlun ya haifa, da dama ba su kai girma ba.

Ta biyu ita ce Nara, wadda ta zama uwargida a 1750. A 1765, ana rangadi a birnin Hanjo, sai ta yanke gashin kanta. A al'adar Mancu, uwargida ba ta yin haka sai don makokin sarki ko mahaifiyarsa, ga shi kuwa duk suna raye. Sarki ya ce ta haukace, ya sa aka mayar da ita Bejin, aka karɓe takardun naɗinta, aka rage mata kuyangi zuwa biyu, daidai da ta can ƙasa. Ta rasu a 1766 sarki yana wajen farauta, bai dawo ba, ɗanta ya tura. Ko kabari nata na kanta ba a yi mata ba, a na wata matar sarki aka sa ta. Kun ga ba kishiya ce ta kayar da ita ba, fushin maigida ne, kuma babu alƙalin da za ta kai ƙara gabansa.

Ta uku ita ce tauraruwar fim ɗin, 'yar gidan Wei, wadda aka haifa a 1727 a gidan barorin fada. Ta shiga sahun matan sarki a 1745, ta yi shekara 11 babu haihuwa. Daga 1756 zuwa 1766 kuma ta haifi shida, maza huɗu mata biyu, biyu daga mazan suka rasu suna ƙanana. A 1765 ta kai hawa na biyu, ta riƙe ragamar cikin gida. A 1773 sarki ya sa sunan ɗanta a akwati, ita kuwa ta rasu a 1775, shekara 20 kafin a bayyana. Sai a 1795 aka sanar, aka ba ta sarautar uwargida tana kabari, ɗan nata ya zama Sarki Jiyacin. Wadda aka ce ta ci gasar ke nan, ba ta ga ranar ba.

Zalunci kam akwai shi, amma kan na ƙasa ya fi sauka. A 1778 wata matar sarki mai laƙabin Dun ta sa aka yi wa kuyanga dukan da ya kashe ta. Hukuncinta shi ne sauke ta hawa ɗaya da biyan kuɗi ga iyayen yarinyar, ba a daɗe ba aka mayar mata da matsayinta.

Ita kanta Fadar Yanshi gobara ta cinye ta a 1845. Daular ta faɗi a 1912, fadar sarakunan ta zama gidan tarihi a 1925. A 2019 wata jaridar gwamnati a Bejin ta soki irin waɗannan finafinai da cewa suna koya wa mutane makirci da son ƙawa, tashoshi suka daina nuna su a lokacin.

To mu ina ruwanmu? Da yawanmu muna da mata biyu ko uku, ga shago, ga gida a nan zango, ga wani can arewa. In aka kalli fim ɗin, sai mu maza mu ce ka ji halin mata. Tarihi kuwa ya nuna kishin nan ginin namiji ne: shi ya bambanta rabo, shi ya ɓoye magaji. Musulunci ya tsayar da mata a huɗu, ya wajabta raba kwana da adalci a ciyarwa, ya yanka wa kowane magaji kasonsa, ɗan uwargida da ɗan amarya duk ɗaya. Amma in maigida ya fifita ɗaki ɗaya, ya damƙa wa ɗa guda makullin shago babu rubutu babu shaida, ya bar takardun gida a ɓoye, to ya kafa ƙaramar fadar Sin a gidansa, kuma ranar da ya kwanta dama za a ga sakamako.

Mu rubuta dukiyarmu da bashinmu, mu sa shaidu, mu daidaita ɗakunanmu tun muna da rai. Allah Ya ba mu ikon yin adalci, amin. Wassalam.