Dandali da Filayen Wasa na Jama'a a Jihar Kano

Filin jama'a shi ne duk wani sarari da aka keɓe domin taro, wasa ko shan iska, wanda ba mallakar mutum ɗaya ba ne. A ƙauyuka da garuruwan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, irin wannan wuri ya haɗa da dandali, filin makarantar firamare, filin idi, da kuma filin ƙwallo da matasa suka share da hannunsu a bayan gari.

Dandali ne mafi daɗewa a cikinsu. Tun kafin zuwan ƙwallon ƙafa, a nan 'yan mata ke yin gaɗa idan akwai farin wata, samari kuma su yi langa, wasan da kowane ɗan wasa ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, ana kare wanda ake kira ruwa har ya isa inda aka ƙayyade. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, akan sa kokawa da dambe, baƙi su zo daga garuruwan maƙwabta. Dambe dai a asali an fi saninsa da mahauta, amma a yau ya zama sana'a mai gidaje da masu kallo da ke biyan kuɗin shiga, inda ɓangarorin Arewa, Kudu da Guramaɗa ke karawa.

Manyan filaye da ƙungiyoyi

A cikin birni akwai Filin Sukuwa da ke Nasarawa, da filin wasa na Sabon Gari, da kuma Filin Wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wannan na ƙarshe ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na gasar cin kofin Afirka a shekara ta 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Abin lura ga jama'ar karkara shi ne cewa babbar ƙungiyar jihar, Kano Pillars, ba daga sama ta faɗo ba. An kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA, Golden Stars da Bank of the North, kuma ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Har ila yau a cikinta ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, kafin ya tafi Turai. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa haihuwar 'yan wasa. A filayen unguwanni da na makarantu suke tsinto su.

Ƙungiyar ƙauye da ke son ta wuce wasan sada zumunci sai ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, wadda ta hannunta ake shiga gasannin jiha da matakin farko na gasar cin kofin ƙalubale. Kafin nan ya kamata ta zaɓi shugaba, sakatare da ma'aji, ta kuma riƙa rubuta kuɗin karo-karo a littafi, domin rigimar kuɗi ta fi rashin ƙwallo wargaza ƙananan ƙungiyoyi.

Wa ke da alhakin kula da filin?

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya samarwa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da sararin jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kasuwanni da tashoshin mota. Bugu da ƙari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, da kuma ikon karɓar fili domin amfanin jama'a tare da biyan diyyar abin da mai shi ya shuka ko ya gina. A yankin da aka ayyana birni kuwa, wannan iko yana hannun Gwamna.

Matsalar ita ce da yawan filayen ƙauye ba su da ko takarda ɗaya. Wani dattijo ne ya ba da aron gonarsa ga samari shekaru da dama da suka wuce, da baki kawai. Idan ya rasu aka zo rabon gado, magada na da haƙƙinsu, kuma ba za a zarge su ba idan suka yanka fuloti suka sayar. Wani lokaci ma ba sayarwa ake yi ba: mai gonar da ke iyaka da filin yakan ƙara kunya ɗaya ko biyu kowace damina, a wayi gari turken raga yana tsakiyar gero. Filin makaranta marar katanga shi ma haka yake zaizayewa.

Gyara bayan an yi gini yana da tsada ga kowa. A watan Yunin 2023 an rushe shagunan da aka gina a Filin Sukuwa da Filin Idi na birnin Kano, lamarin da ya jawo asarar dukiya, ya kuma kai ga shari'a a kotu.

Saboda haka ana shawartar kowace al'umma da ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci zuwa ga hakimi, a rubuta ko filin kyauta ne, aro ne ko saye, shaidu da magada su sa hannu, sannan a kai wa sashen ƙasa na ƙaramar hukuma domin a auna a kafa duwatsun iyaka. Cikakken filin ƙwallo yakan kai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi, don haka hekta ɗaya ta isa har da wurin tsayuwar 'yan kallo. Inda babu kuɗin katanga, layin darbejiya ko dabino a gefe huɗu yana nuna iyaka, yana kuma ba da inuwa. A guji kwari inda ruwa ke kwanciya, da kuma ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Haka nan yana da kyau a tsara lokutan amfani tun da wuri, musamman inda fili ɗaya ne ake yin sallar idi, taron siyasa da wasa a cikinsa. Na makaranta kuwa ɗalibai ne ke da fifiko har sai an tashi, kuma ƙungiyar gari za ta nemi izinin shugaban makarantar kafin ta shiga.