Masu Yawo da Zane: Manufa da Tarihin Mazhabar Zanen Zahiri ta Rasha, 1863–1923

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙungiyar masu zanen Rasha da aka fi sani da Peredvizhniki, wato masu yawon baje koli. An saba ɗaukarsu a matsayin 'yan gwagwarmayar da suka yi wa talaka yaƙi da buroshi. Maƙalar na ganin babbar nasararsu ita ce sauya mai sayen zane da mai kallonsa, kuma 'yancin da suka samu na zana rayuwa yadda take ya dogara ne a kan wannan sauyi.

Gabatarwa

Ranar 9 ga Nuwamban 1863, ɗalibai 14 na Kwalejin Fasaha ta Sarki da ke birnin Fitasbag suka ƙi shiga gasar babbar lambar zinariya. Hukumar kwalejin ta ba su batu guda: liyafar allolin mutanen arewacin Turai na dā. Su kuwa so suke kowa ya zaɓi abin da zai zana. Da aka ƙi, sai suka fice a ƙarƙashin jagorancin Ivan Kramskoi, suka haƙura da lambar da ke ba mai ita damar ƙaro ilimi a Turai da kuɗin gwamnati.

Shekara biyu kacal kafin nan, a 1861, Sarki Alexander na II ya 'yanta manoma sama da miliyan 20 da ke ɗaure a gandayen iyayengijinsu. Ƙasa ta ɗauki zafi da muhawara, amma kwalejin na nan tana koyar da tatsuniyoyin Girka da Rum, kuma ita ke raba lambobi da muƙamai da kwangilolin fada da na coci. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muddin abincin mai zane na hannun kwaleji, ita za ta faɗa masa abin da zai zana.

Kafuwar Ƙungiya da Manufarta

Masu boren sun fara da kafa gidan haɗin gwiwa, suna karɓar ayyuka suna raba riba, amma bai yi ƙarko ba. A 1870 Grigory Myasoyedov da Vasily Perov da Nikolai Ge da Kramskoi da wasu suka samu amincewar hukuma suka kafa Ƙungiyar Baje Kolin Zane Mai Yawo. Abubuwa uku tsarin mulkinta ya sa a gaba: bai wa mazauna larduna damar ganin zanen ƙasarsu, cusa son fasaha a zukatan jama'a, da sauƙaƙa wa masu zane sayar da ayyukansu. Babu batun siyasa a ciki, babu kuma tilasta wani salo.

An buɗe baje kolin farko a Fitasbag a ƙarshen 1871, daga nan aka wuce Mosko da Kiyef da Karkof. Jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da haɗa waɗannan birane ba, shi ya sa jigilar manyan zane-zane ta yiwu. Masu kallo na biyan kuɗin shiga, 'yan ƙungiya su raba abin da aka tara, sannan kowa ya sayar da aikinsa kai tsaye. Likita da malamin makaranta da ɗan kasuwar lardi suka zama abokan hulɗar mai zane.

Hujjar cewa wannan tsari ne ƙashin bayan lamarin tana cikin tarihin Perov. Tun a 1861 ya zana jerin gwanon bikin Ista a ƙauye, limamin coci na fitowa daga gida a buge yana dafa ginshiƙi. An sauke zanen daga wurin nuni. Ke nan salon zahiri ya girmi ƙungiyar da aƙalla shekara tara; abin da ya rasa shi ne dandali da mai saye.

Zahiri a Kan Ƙyalle

A zanensa na 1872, Myasoyedov ya nuna lokacin cin abincin rana na majalisar gunduma. Wakilan manoma na zaune a ƙasa a gindin bango, abincinsu burodi da albasa, kaji na kiwo kusa da su. Ta taga ana hango bara yana goge faranti. Manyan da ke cin abinci a ciki ba a nuna ko ɗaya daga cikinsu ba, amma mai kallo ya gane cewa dokar da ta haɗa su a majalisa ba ta haɗa su a akushi ba.

Ilya Repin, wanda ya shiga ƙungiyar a 1878, ya faɗaɗa wannan hanya a zanen jerin gwanon addini na lardin Kursk, da ya kammala a 1883. Wata attajira na tafe rungume da hoton ibada, ana kāre ta daga turmutsitsi. A gefe wani yaro mai ƙusumbi na dogara sanda, ana tare shi da kulki kada ya matso. Ɗan sanda a kan doki ya ɗaga bulala, tudun da ke bayansu kuwa an sare itatuwansa, sai kututture. Repin bai ƙara komai a kan abin da ido zai iya gani a irin wannan rana ba. Hukuncinsa na cikin inda ya ajiye kowa.

Ja-in-ja a Kan Fassara

Masu ganin ƙungiyar a matsayin ta 'yan tawaye suna da abin kafa hujja. Marubuci Nikolai Chernyshevsky ya riga ya yi da'awa a 1855 cewa rayuwa ta fi fasaha daraja, kuma aikin fasaha ne ta bayyana rayuwa ta yanke mata hukunci. Mai sharhi Vladimir Stasov ya shafe shekaru yana tallata ƙungiyar da irin wannan harshe. Hukuma ma ta nuna ɓacin ranta: an hana nuna zanen Repin na Sarki Ivan da ɗansa da ke bakin mutuwa na ɗan lokaci a 1885, an kuma cire zanen Ge na Yesu a gaban Bilatus a 1890.

Sai dai wannan fassara ta bar abubuwa da yawa a waje. Baje kolin farko a zauren kwalejin da kanta aka yi shi, kuma cikin zanukan da suka fi jan hankali akwai na Alexei Savrasov: tsuntsaye sun dawo sheƙa a kan itatuwa a bayan wani cocin ƙauye. Dazuzzukan Ivan Shishkin da hotunan fitattun mutane sun cika zauruka shekara da shekaru. Shahararren zanen Repin na mutum 11 masu jan kwalekwalen kaya a gaɓar kogin Volga, wanda ya gama a 1873, ɗan sarki Vladimir ne ya saye shi. Babban mai sayen ayyukan ƙungiyar kuwa attajirin masaƙa ne, Pavel Tretyakov, wanda ya sa Perov ya zana marubuci Dostoevsky a 1872, Kramskoi ya zana marubuci Tolstoy a 1873, daga baya ya miƙa wa birnin Mosko taskarsa kyauta a 1892. Abin da ya haɗa mai zanen daji da mai zanen talauci a inuwa ɗaya shi ne buƙatar kasuwar da ba kwaleji ke riƙe da ita ba.

Koma Baya

Nasara ce ta fara raunana ƙungiyar. Sarki Alexander na III ya zama mai sayen ayyukanta. Bayan garambawul ɗin kwalejin a 1893, Repin da Shishkin da wasu suka karɓi kujerun koyarwa a gidan da magabatansu suka yi wa tawaye. A cikin gida kuma dattawa suka riƙe ƙofa, suna tace ayyukan matasa kamar yadda aka taɓa yi musu. Zuwa 1898 masu jini a jika sun fara karkata ga sabuwar tafiyar fasaha ta Sergei Diaghilev da Alexandre Benois, waɗanda ke ganin zanen ƙungiyar ya koma wa'azi.

Kammalawa

An yi baje koli na 48, kuma na ƙarshe, a 1923, bayan da yawa daga 'yan ƙungiyar sun koma wata sabuwa mai goyon bayan juyin juya halin da ya kafa gwamnatin Sobiyet. A 1932 gwamnatin Sobiyet ta rushe ƙungiyoyin fasaha masu zaman kansu, a 1934 ta ayyana zahirin gurguzu a matsayin tafarkin hukuma, ta kuma ɗaga Repin a matsayin abin koyi. Salon ya rayu, har ya zama dole. Amma gwamnati ta koma ita ce mai saye tilo, mai raba kwangila da lambar yabo, sai aka samu manoma masu fara'a da ƙwarewar buroshi irin ta dā, aka rasa mai iya zana wakilin talakawa yana cin albasa a bayan majalisa. Duk mai nazarin wata mazhabar zanen zahiri, ya kamata ya binciki wanda ke biyan masu zanenta da inda ake nuna ayyukansu kafin ya yanke hukunci a kan gaskiyar da ke kan ƙyalle.